Manhaja ta uku ta tona aikin Kawuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, kun san Dutse kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan kaina a ɗaure.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, mu ke riƙe rijistar manoma masu karɓar iri da taki. Rumbun bayanan da muke amfani da shi Kawuna ne ya gina shi, ƙanin Ummata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, kuma shi ne shugaban sashenmu. Bai taɓa zana tsarin rumbun a takarda ba, komai a kansa yake. To saura wata huɗu ya yi ritaya, sai darakta ya ce in gwada manhajojin nan da ke shiga tsohon rumbu su zano tsarinsa da kansu, in zaɓi guda in kawo rahoto.

Uku na gwada. Biyu sun jero teburan akwati-akwati gwanin sha'awa, amma babu layin da ya haɗa wani da wani, don Kawu bai rubuta alaƙarsu ba. Ta ukun ce sarkin shisshigi, da kanta take lalubo alaƙa. Ta ja layi daga teburin manoma zuwa teburin rabo, ashe ba da lamba aka haɗa su ba, da suna ne. Kun dai san mu, da yawanmu sunan garinmu ne sunanmu na biyu. Na duba, Musa Miga kaɗai mutum shida ne, kuma da ɗaya ya karɓa, kwamfuta sai ta ce duk sun karɓa.

Sai na tuna, bara wani dattijo ya zo tun daga Miga, na duba na ce ya riga ya karɓa. Ya rantse da Allah, ni kuwa a gaban mutane na ce masa, Baba, kwamfuta ba ta ƙarya. Ya naɗe buhunsa ya tafi.

Na kai wa Kawu zanen, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ki zaɓi ta farkon. In na tafi kya gyara a hankali, ba mai ji." Na ce masa rabon bana saura sati uku, kuma gyaran sai an sake rijista da sa hannun darakta. Ya ce shekara talatin da biyar yana aiki ba a taɓa kiransa kan kuskure ba, kada a fara ta hannuna. Bayan la'asar sai ga wayar Umma, wai ta ji ina shirin kunyata ɗan'uwanta, ko tsayawa ta ji bayani ba ta yi ba.

Wallahi ina son Kawu, kuma na san ba da gangan ya yi ba. Amma Litinin zan miƙa rahoto. In na rubuta ta uku na ci mutuncin wanda ya raine ni, in na rubuta ta farko ni ce dai zan zauna a teburin rabo bana. 'Yan uwa wacce zan rubuta? Kuma in dattijon nan ya dawo da buhunsa, me zan ce masa?