Kwalbar da Nake Sa Masa a Aljihu

Ulsan, 3 ga Afrilu

Yaya Kyung-ja,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Yaya gwiwar nan taki? Sau uku ina ɗaga waya ina ajiyewa, shi ya sa na rubuto.

Ƙaninki, Baban Yerin, yana asibiti. Hanta ce, ta lalace, likita ya ce sai dashe.

Kin san cin abincin ma'aikatarsu. In shugaba ya zuba maka giyar soju ba ka cewa a'a, sai ka karɓa da hannu biyu ka kau da kai ka shanye. Da, ciwon kan safe ne ke cetonsa. Yakan wuni yana amai, ya yi mako yana zille wa zaman shan. Sai na fara saya masa 'yar kwalbar nan da ake talla wai tana kashe ƙarfin giya. Shekara shida kullum ina sa masa ita a aljihu, har yana tsokanata wai Likitar Gida. Kai ya daina ciwo, shi kuma ya daina zillewa. Likita ya ce hantar ba ta taɓa samun hutu ba, ƙararrawar kawai na kashe. Kunya ta ishe ni, Yaya.

An gwada ni, tawa ba ta dace ba. 'Yarmu Yerin ta yi ƙanƙanta. Ke kaɗai kika rage, kuma ban san da wane baki zan roƙe ki ba.

Taki,
Sun-ok

19 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kin isa gida lafiya. Gwaji ya nuna taki ta dace, sun sa aikin ranar Laraba. Na yi kukan godiya.

Amma dole ki ji wannan. Jiya shugabansu ya zo dubiya da kwali a naɗe, yana cewa ya yi maza ya warke, teburi ba ya daɗi in ba shi. Kwalaben nan ne masu kashe ƙarfin giya, guda ashirin. Ƙaninki, da robar ƙarin ruwa a hannu, ya yunƙura ya zauna, ya karɓa da hannu biyu, har da sunkuyawa.

Mijina ne, ina so ya rayu. Amma rabin hantarki za a ba mutumin da har a gadon asibiti bai iya cewa a'a ba, kuma kina da yara uku. Ki sake tunani kafin Laraba. Duk abin da kika yanke, ba zan riƙe ki ba.

Ki gaida yara.

Taki,
Sun-ok