Da Wasa Na Ba Da Sunan Taubashina, Yanzu Zai Shiga Rijiya

Zuwa ga Malam Haliru mai amsa wasiƙun jama'a.

Allah shi gafarta Malam, ka taimake ni don girman Allah, kuma ka taimaka da wuri, don abin da ya dame ni yana da rana, ranar kuwa ta matso. Da ajami na rubuto saboda iyakar karatuna ke nan, allo na yi, boko ko harafi ɗaya ban sani ba. In akwai mai juya shi a ofishinku, shi juya. Kar a sa sunana. Ko ba a sa ba duk Lambara za a gane ni, amma dai kar a sa.

Sana'ata tufkar igiya, ta rama da ta kaba, ina kaiwa kasuwar Shagari da ta Bodinga. Ba zan ɓoye maka halina ba, ni mutum ne mai tsokana. Ni na taɓa ƙulle takalman ladaninmu wuri ɗaya, ni na sa mutanen unguwarmu sunka wuni neman jakin da ke ɗaure a bayan gidan mai shi. Wanda ya fi kowa shan tsokanata shi ne Ɗantani, ɗan Goggo Mairama ƙanwar babana, wato taubashina. Tela ne, mutumin kirki, sai dai tsoron zurfi. In ya leƙa randa jiri ke ɗibarsa. Rumbun gidansa ma matarsa Zulai ke shiga ta ɗebo hatsi, shi yana daga waje yana riƙe da ƙwarya yana yi mata sannu.

To bayan girbi, ran wata kasuwar Shagari, anka yi shela cewa wani malami ya zo daga ofishin ayyuka, sunansa Malam Nuhu. Ya kafa tebur gindin tsamiya. Wai gwamnati na so ta gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, amma kafin ta ba da aikin tana so ta san wa ya iya mi: masu haƙar rijiya, magina, maƙera, masu jakan da za su ɗauko yashi da tsakuwa. Wai tunda an sami mulkin kai, aikin ƙasa 'yan ƙasa za su yi.

Malam, ka san mu. Tunda munka tashi ba mu taɓa ganin an rubuta sunan mutum alheri ya biyo baya ba. In ba haraji ba, jangali, in ba jangali ba, aikin hanya. Mai jakai goma ya ce guda gare shi, shi ma gurgu. Baba Na'Allah, wanda rabin rijiyoyin da ke tsakanin Danchadi da Horo Birni hannunsa ne, ya wuce ta gaban teburin yana dafe da ƙugu yana cewa shi noma kaɗai ya gada. Malam Nuhu ya zauna har azahar yana korar ƙuda, takardarsa fara fat.

Sai tausayinsa ya kama ni, Shaiɗan kuma ya taya ni. Na je na durƙusa na ce masa akwai gwanin rijiya a Lambara, Ɗantani, yana da ma'aikata goma sha biyu, shi ne mutumin da ke kwana a gindin rijiya don ya fi jin daɗin barci can. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, rubutawa ya yi, har da yi mini godiya. Na koma gida na ba abokaina labari munka yi dariya har cikinmu ya ƙulle, na manta da zancen.

Makon jiya sai ga ɗan saƙon hakimi da takarda mai hatimi, da sunan Ɗantani a kai. Malamin yaƙi da jahilci ya karanta mana a ƙofar gida. Wai an gode masa da ya nuna sha'awa. Wai ran ashirin ga wata shi zo tsohuwar rijiyar Horo Birni da mutanensa da kayan aikinsa, shi shiga shi duba ta, shi faɗa wa babban ma'aikaci yadda za a gyara ta, don a ga iyawarsa. A ƙarshe kuma an ce takardar wagga ba alkawarin aiki ba ce.

Nan kaina ya fara kwancewa. In ba aiki ba ce, mi ce ce? In sammaci ne, mi ya kawo godiya? In kwangila ce, don mi anka ce ba alkawari? Liman ya ce kwangila ce. Mahaucinmu ya ce tarko ne, yana shiga rijiyar za a aza masa harajin masu sana'a biyu. Wani tsohon soja ya ce duk wanda hukuma ta kira bai je ba, ɗauri ne. Ni ban taɓa ganin mai tambayar kaya alhali bai zo saye ba, sai 'yan taya igiya a kasuwa, su kuwa ba su zuwa da hatimi.

Da fari Ɗantani ya firgita. Amma kafin magariba Goggo Mairama ta rangaɗa guɗa, maƙwabta sunka fara zuwa barka, surukinsa da bai taɓa amsa gaisuwarsa da baki biyu ba ya aiko masa da goro. Yanzu ko yara Ɗankwangila suke ce masa. Ya san ni na ba da sunansa, na faɗa masa da bakina. Ya rungume ni ya ce, ni bawansa na yi wasa Allah ya mai da shi gaskiya, in ya zama babba ni zan riƙa ɗaukar masa buta. Ya rufe keken ɗinkinsa da zane. Ya tara 'yan uwan Zulai su bakwai wai su ne ma'aikata. Ya zo rumfata ya zaɓi igiya mafi tsawo, kullum yana ɗaura ta a ƙugu ana zura shi cikin rumbu wai yana sabawa. Ya ce tunda gwamnati ta rubuta shi gwani, shi wane ne da zai ƙaryata gwamnati.

Abin ya daina ba ni dariya ran da na je wurin Baba Na'Allah. Yana fushi, wai ɗan tela zai ci aikin kakanninsa. Ya ce a bar shi shi shiga shi gani. Da na matsa masa sai ya ce rijiyar Horo Birni gaba ashirin ce, bakinta na zubewa, kuma bara da ya zura fitila a ciki tun ba ta kai ƙasa ba ta mutu. Ya ce inda fitila ta mutu mutum ma mutuwa yake yi, shi kansa ba ya shigarta sai an wuni ana kaɗa mata iska da ganye.

Na ruga na faɗa wa Ɗantani. Wallahi Malam har hawaye na yi. Ya dube ni ya kwashe da dariya, ya ce wagga ta fi ta jakin, har da kuka, ya kira Zulai ta zo ta ga gwaninta. Na je ga Goggo, ta ce ja'iri, tun kana goye kake baƙin cikin ɗana, tashi ka ba ni wuri. Na je ƙofar mai gari in faɗi gaskiya, ina buɗa baki fadawa sunka fara dariya tun ban kai ƙarshe ba, ɗaya ya ce yau kuma wa za a ɗaure wa takalmi. Na rantse da Alƙur'ani, sunka ce ai taubashi ko ya rantse wasa ne.

To ni ban san inda zan dafa ba. A al'ada ban yi laifi ba, wasan taubashi ne, ba a fushi da shi, ba a kai shi gaban alƙali. Amma in na je ga Malam Nuhu na ce ƙarya na yi, ɗaure ni za a yi? Ko Ɗantani za a ɗaure? In kuwa anka soke sunansa, da wane ido zai dubi surukinsa da mutanen da sunka zo barka? In na yi shiru, saura kwana goma sha tara a zura shi da igiyar da na tufka da hannuna. Ka faɗa mini mi takardar nan take nufi, kuma yaya mutum zai yi a yarda da shi sau ɗaya tak.

Ni ne naka cikin ruɗu,
Mai Igiya, Lambara.

AMSA

Mai Igiya, na sa wasiƙarka gaban waɗanda suka riga ta zuwa saboda kwanakin da ka lissafa. Ka karanta, ko a karanta maka, ka tashi yau.

Takardar ba sammaci ba ce, ba kuma kwangila ba ce. Bincike ne. Kafin a ba da aure ana tura mutane su tambayi asalin gida da sana'ar mai nema, tambayar kuwa ba ɗaurin aure ba ce. Haka ofis yake yi kafin ya ba da aiki: yana so ya san su wa ke nan, me suka iya, me suke da shi. Wanda aka kira ya ce ba zai iya ba, sai a ja layi a kan sunansa a wuce. Ban san inda ake ɗaure mutum don wannan ba. Kai dai za ka sha faɗa wurin Malam Nuhu, ka kuwa cancanci faɗan, ka sunkuyar da kai ka shanye.

Ban ga laifin mutanenku da suka guji teburin ba, abin da suka gani a da ne ya koya musu. Wasan taubashi ma ban raina shi ba, zumunci ne. Amma gwamnati ba ta da taubashi. Abin da ka faɗa mata shi take rubutawa, kuma rijiya ba ta san wasa ba.

Tunda bakinka ya daina ciniki, ka ari wanda ake saye. Ka sami mahaifinka shi kaɗai, ka faɗa masa komai ba tare da ko murmushi ba. Shi yayan Goggo Mairama ne, ba za ta ce masa ja'iri ba. Ku biyu ku je ku ba Na'Allah haƙuri, ku roƙe shi ya raka ku Horo Birni da fitilarsa, da Goggo da Ɗantani da Zulai. Kada ka ce uffan a wurin. A zura fitilar, uwa ta ga ta mutu da idonta. Fushin Na'Allah na mai sana'a ne da aka tsallake, amma shi ya tsallake kansa ran da ya dafe ƙugu, ban kuma yi zaton mutumin da ya shayar da garuruwa zai so a ciro gawa daga rijiya don ya huce ba.

Daga nan ku wuce wurin Malam Nuhu tun kafin ranar. Kai za ka yi magana, a gaban Ɗantani, ka ce ƙaryar taka ce, shi bai taɓa cewa ya iya ba. Ka maimaita haka a ƙofar surukinsa da kasuwar Shagari. Kunyar da kake tsoron ta same shi, ka ɗauke ta ka aza a kanka, kai ka saba a yi maka dariya. A gabatar da Na'Allah a matsayin gwanin. In Ɗantani yana so ya tsaya a bakin rijiya ya kula da mutanen da ya tara, wannan tsakaninsa da Na'Allah ne da ofis, ban yi muku alkawarin za a karɓa ba.

Wani abu kuma da ba ka lura da shi ba. An zo neman masu abin da aikin rijiya ke bukata, kai mai tufkar igiya ka durƙusa gaban tebur ka ba da sunan tela, ka ɓoye naka. Ashe kai ma tsoron kake ji. Wannan karon ka ba da sunanka da sana'arka ta gaskiya.

Kafin duk wannan, na yarda maka da tsokana ɗaya ta ƙarshe. Taubashi yana da ikon ya fizge hular taubashinsa ya gudu, ba mai cewa ya yi sata. Ka shiga gidan Ɗantani yau ka ɗauke igiyar nan, ka ɓoye ta inda ko Zulai ba za ta gano ba, kada kuma ka tufka masa wata. Ya bi ka da zagi har kasuwa, ka bar shi ya zaga. Mai zagi yana da numfashi.

Allah ya tsare Ɗantani, ya mai da shi kan kekensa lafiya, ya ba Horo Birni ruwa, kai kuma ya sa a fara yarda da rantsuwarka.

Malam Haliru