Rasuwar Dakta Saloma Rumu da Aikin da Ya Rage a Dutsen Kurgu

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, Ƙungiyar Kare Filayen Gado ta Ƙasar Zuru, a madadin Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da reshen mata da na matasa, tana sanar da ɗaukacin jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ɗiyarta, kuma mai ba ta shawara kan harkokin ƙasa, Dakta Saloma Japhet Rumu, wadda Allah Ya karɓi rayuwarta da safiyar jiya Laraba, sha biyu ga watan Maris, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara arba'in da bakwai a duniya. Wannan rashi ya taɓa mu ƙwarai, kuma ba za mu yi wa jama'a ƙaryar cewa mun san wanda zai maye gurbinta ba.

Marigayiya ɗiyar soja ce, kamar da yawa daga cikinmu. A bariki ta tashi, hutun makaranta ne kawai ke kawo ta gida wurin kakarta, wadda maginiyar tukwane ce. Bayan ta karanci aikin safiyo a nan gida Najeriya, ta samu tallafin ƙaro karatu zuwa ƙasar Holland, inda ta shekara shida tana nazarin taswira da dokokin mallakar ƙasa, har ta kai ga digirin digirgir. A can ne, kamar yadda ta sha ba mu labari, ta shiga wani gidan adana kayan tarihi, ta tarar da tukunyar kabari irin wadda matanmu ke ginawa a ɗora kan kabarin babban manomi ko shahararren ɗan kokawa. An sa ta cikin gilashi, an share ta tsaf, an rubuta a ƙasanta cewa daga Arewacin Najeriya ta fito. Babu sunan mamacin, babu sunan unguwarsa, babu na matar da ta gina ta. Ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, akwai wani kabari a kan duwatsunmu da ya zama fili ba alama, kuma nan gaba babu mai iya rantsewa cewa an taɓa binne mutum a wurin.

Da ta dawo, mu ne muka yi mata liyafa, muna ta lissafin babban ofishin da za ta samu a Abuja. Ita kuwa da aka ba ta abin magana, sai ta faɗa mana abin da ba mu so ji ba, kuma tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, bari mu maimaita shi da bakinmu. Iyayenmu sun sauko daga kan duwatsu zuwa fili shekaru da dama da suka wuce, mu kuma, Musulminmu da Kiristanmu, muka juya wa tsofaffin kaburburan baya, muna cewa kayan da ne, mun wuce wurin. Masu saye suka riƙa zuwa a kan babura suna kwashe tukwanen muna kallo, waɗansu ma da hannunmu muka farfasa su, muna ganin ibada muka yi. Ba mu lura ba cewa kakanninmu ba su bar mana takardar fili ko ɗaya ba, waɗannan tukwane su ne shaidar da suka bari. A ranar dattawa da yawa sun tashi cikin fushi, wasu har suka ce sanyin Turai ne ya taɓa ta. Daga baya duk mun dawo mun ba ta haƙuri.

Shekara tara ta yi tana hawa Dutsen Kurgu da na kewayensa, rani da damina, da na'urar awo a rataye da littafi a hannu. Ka'idarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sassauta wa kowa ba: ba ta jan layi a taswira sai dattawa biyu na unguwanni maƙwabta sun tsaya tare a kan iyakar, sun faɗa da harshenmu na C'lela cewa nan ne, sun kuma ambaci wanda ke kwance a kowane kabari. In suka saɓa, ta naɗe kayanta ta sauko, wani mako a sake hawa. Mai wannan sa hannu kansa sai da ta mayar da shi saman dutsen sau biyu a yini ɗaya, don ya tsallake kabari guda a ƙidaya, ya sauko yana mita, ita ko a jikinta. Ba ƙabilarmu ta Lelna kaɗai ta yi wa aiki ba. Ta shigar da gonakin Kambari da na Dukkawa da ke maƙwabtaka da mu, ta kuma fitar da burtalin Fulani a taswirar, duk da ƙorafin wasu daga cikinmu, tana mai cewa wanda yake kukan an share shi bai kamata ya share wani ba.

Jama'a sun san halin da ake ciki. Wani kamfanin fasa dutse ya gabatar da takarda yana cewa Dutsen Kurgu kufai ne da ba mai shi, kuma kwamitin da aka ɗora wa sauraron maganar zai zauna ranar Talata, takwas ga watan Afrilu. Daga cikin unguwanni goma sha ɗaya da suka taɓa zama a kan dutsen, marigayiya ta kammala tara. Biyun da suka rage suna gefen gabas, daidai inda kamfanin ke son fara fasawa. In aka je gaban kwamiti babu su a taswira, za a fasa wurin da mutanenmu a ciki.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Mista Ezekiel Rumu, da 'ya'yanta Glory da Justice, da mahaifiyarta, Mama Magdalene Japhet, da yayanta, Alhaji Usama Japhet, da sauran dangi na gidajen biyu, da masu girma hakimai da dagatai da limamai da fastoci na wannan ƙasa, waɗanda suka ba ta haɗin kai. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba ta hutawa ta har abada, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta wadda ta ga abin da uwa ba ta so ta gani, Ya raya abin da ta bari, Ya ba iyalinta da mu baki ɗaya haƙurin jure wannan babban rashi. Za a yi addu'ar jana'iza a majami'arsu ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga nan a kai ta makwancinta.

A ƙarshe, akwai saƙon da aka ba mu izinin isarwa. Mutum ɗaya ne ya rage a raye da ya san kaburburan gabas da sunayensu, wato Baba Arzika, tsohon soja mai shekara tamanin da huɗu, wanda ya yi shekara shida yana mayar da marigayiya daga ƙofar gidansa, yana cewa ya bar wannan hanya tun ranar da ya musulunta. A watan jiya ne ya amince zai nuna mata su, suka tsayar da ranar Litinin mai zuwa don hawa dutsen. Jiya da ya zo gaisuwa, ya shaida wa Shugaban Ƙungiya cewa ranar tana nan daram, gwiwoyinsa ne dai ba za su kai shi ba, sai an ɗauke shi. Saboda haka muna neman majiya ƙarfi takwas da za su riƙa karɓa-karɓa, da dattijo ɗaya daga unguwar da ke maƙwabtaka wanda zai tsaya tare da shi a kan iyaka, don ba za mu karya ka'idarta ba. Mun san akwai azumi a bakin Musulmi da Kirista, mun kuma san zafin da ake yi, shi ya sa za a tashi daga gindin dutsen da ƙarfe shida na safe. Baba Arzika ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda ke kwance a can, kuma shekara hamsin ke nan bai je ya gaishe shi ba.

Sa hannu:
Malam Nasiruddeen Bawa Dabai
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Kare Filayen Gado ta Ƙasar Zuru,
Jihar Kebbi.
13 ga Maris, 2025.