Kyaftin Bai Sauko Ba

Ibadan,
9 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Akinwumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maman Bisola. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambayi jikin abokinka, maigidana Baban Yetunde. Yana cin amala sosai, yana barci, amma mantuwar ta ƙaru. Yanzu "Madam" yake kirana, kamar baƙuwa.

Wasu ɗaliban jami'a sun samo kaset ɗin tsohon shirinku na talabijin, Matafiya Bayan Wata. Wannan kashin da ka rubuta suke so, wanda Kyaftin, wato shi Baban Yetunde, ya buɗe ƙofar jirgin sama jannati sai ya tsinci kansa a ɗakin ɗaukar shiri, ga kyamarori, ga ma'aikata suna kiransa da sunansa na gaskiya, Oyebanji, suna ce masa jirgin nan katako ne da fenti. Sun ce har darasi ake yi a kansa. Suna so in kawo musu Baban Yetunde ranar da za su nuna kashin.

Yaya, na gaji. A lokacin dariya muka yi ta yi. Yau kuwa kullum da safe sai ya tambaye ni ina ma'aikatan jirginsa, ni ce mai ce masa babu jirgi. Wani lokaci har kuka yake yi. Yetunde ta ce kada in kai shi a yi kallonsa. Ban san abin yi ba.

Ƙanwarka,
Omolabake.

Ibadan,
30 ga Mayu.

Yaya Akinwumi,

Ina gaisuwa, na kuma gode da amsarka. Na bi shawararka, na kai shi.

Zauren jami'ar ya cika da yaran da ko iyayensu ba su yi aure ba lokacin da aka yi shirin. Ya zauna tsaf cikin babbar rigarsa. Da aka zo inda ma'aikatan ke kiran Oyebanji, sai ya amsa daga kujerarsa da ƙarfi. Ba wanda ya yi dariya.

Bayan an gama, wata yarinya ta durƙusa ta tambaye shi me ya sa Kyaftin ya koma cikin jirgin bayan ya san na katako ne. Na so in hana ta. Sai ya ce, "'Yata, akwai mutane a ciki suna jirana. In bar su don katako?" Ta ce kakarta ma ta rasa tunaninta, ita kuwa tun da ta kalli kashin nan ta daina yi wa kakar gardama.

Ni ma na daina. Jiya da ya tambayi ma'aikatansa na ce sun tafi cin abinci. Ya ce madalla, ya sha kokonsa lafiya.

Ranar nan, a motar dawowa daga jami'ar, ya dube ni ya ce, "Madam, kin gaji. Wa yake kula da ke?"

Ka zo, Yaya, ko da sanda ne. Sunanka na cikin 'yan kaɗan da suka rage masa.

Ka gaida Maman Bisola.

Ƙanwarka,
Omolabake.