Damisar Khaibar da Kunyar Surukai

Harra ta Yamma, Madina
4 ga Rajab

Zuwa ga Dakta Haladu, babban likitan gandun namun daji da ke hanyar Khaibar.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai cike da girmamawa.

Ni ne Sufyan Shittu, mai digiri na biyu a kimiyyar hayayyafar dabbobi, da sakamako mafi daraja, jami'in ɗakin bincikenku, kuma mijin 'yarku Hibatullahi. Na ɗauki alƙalami ne domin tun da aka ɗaura auren nan, da na shigo ofishinku sai ku tuna kuna da aiki a waje.

Maƙasudina shi ne Bature, namijin damisar Larabawa guda ɗaya da ya rage mana. Ya tsufa, ƙodarsa ta fara gazawa, kuma bai bar ɗa ba. Na haɗa wani sinadari na gwaiduwar ƙwai wanda, bisa hujjoji marasa jayayya, yake kare maniyyi daga mutuwa yayin daskarewa. Ina buƙatar a sa Bature barci, in ɗebi maniyyinsa, in adana domin matan damisa da ke wasu gandaye. Ruhsar allurar barci kuwa, wato izinin hukuma na yin ta, tana hannunku ku kaɗai.

Ɗanku mai biyayya,
Sufyan

Bani Harisa
11 ga Rajab

Malam Sufyan, wa alaikumus salam.

Takardarka ta iso. Surukarka Ummu Salma tana gaishe ku, ta ce ku aiko a karɓi dabino.

Abin da ka ambata, na fahimta, kuma ban ce aikin banza ba ne. Amma ka duba. Mai allura ba ya barin ɗakin har a gama. Ya'ani ni da na ba ka 'yata, in tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai kana wannan aikin? Ran Juma'a da wane ido zan amsa gaisuwarka? Na nemi idara, wato hukumar gandun, ta turo wani likita daga Riyad. Sun ce bayan Ramadan, in sha Allahu. Ka yi haƙuri.

Allah ya yi muku albarka.
Haladu

Harra ta Yamma
13 ga Rajab

Assalamu alaikum, Baba.

Tare da matuƙar ladabi, ƙodar Bature ba ta san kalandar idara ba. Ya daina taɓa nama, ruwa ma sai an matsa. Jinkirinku yana neman zama hukuncin shafe zuri'a daga doron ƙasa.

Na tanadi labule mai kauri. Ku tsaya ta wajen kansa, ni ta wajen wutsiya, ma'aikaci yana isar da magana tsakaninmu. Ba za mu haɗa ido ba. Na yi wa Hibatullahi bayani, ta rufe fuska ta ce, "Wallahi aib, kada ka sa ni a ciki." Saboda haka na sake dawowa gare ku.

Sufyan

Bani Harisa
2 ga Sha'aban

Malam Sufyan, salamun alaika.

Ban amsa waccan ba domin ban san me zan ce ba. Na je na ga labulen.

Bature ya mutu shekaranjiya da hantsi, kana Jidda wajen taro. Na taɓa jin cewa ko bayan mutuwa ana iya samun abin a cikin 'ya'yan marainan. Na kori kowa, na rufe ƙofa, na cire su da hannuna. Na ɗauki waya in tambaye ka yadda ake ajiye su, har na danna lambarka, sai bakina ya kasa. Na ce sanyi dai ba ya ɓata nama, na sa su a firiza, can ƙasa. Mabuɗin yana wurin mai gadi, Usmanu.

Ka duba ko da rabo.
Haladu

Harra ta Yamma
3 ga Sha'aban

Baba, assalamu alaikum.

Na duba. Firiza tana farfasa ƙwayoyin maniyyin idan babu sinadarin kariya. A tallaja, wato firij na yau da kullum, ake sa su, kuma a kira ni a ranar. Amsar ba ta wuce wannan ba. Na narkar da su a hankali, na leƙa madubin har idanuna suka yi ruwa. Babu ko ɗaya mai motsi.

Akwai tsofaffin bareyi maza biyu a gandun, kuma su ma ba za su jira Riyad ba. Ina neman amsa a rubuce kafin Alhamis, 8 ga Sha'aban: ko ku tsaya a bayan labulen, ko ku sa hannu a mayar da ni wani gandun. A gida kuwa, ran Juma'a zan zo gaisuwa, zan durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum.

Ɗanku,
Sufyan