Gurbin da Ba Ta Nema Ba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗanta, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Maganar Autata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama likitar dabbobi. To, makarantarsu tana da wani wai shi Malamin Shawara, aikinsa taimaka wa 'yan ajin ƙarshe neman jami'a. Yaya, da ka ga ofishinsa sai ka rantse abin kirki ake yi: kujera mai juyawa, fanka biyu, bango cike da hotunan jami'o'in da bai taɓa taka ƙofarsu ba. Da yarinya ta faɗa masa burinta, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce wannan fanni rububinsa ake yi, ta zaɓi wanda ba kowa ke so ba. Na je da kaina, ya yi ta juyi a kujera yana ce mini in bar musu, su suka san harkar. Ya tsorata ta har ta zaɓi karatun adana littattafai.

Sakamako ya fito, makinta ya wuce abin da ake nema a fannin dabbobin, amma ba shi ta nema ba. Na koma makarantar a fusace. Shugabar makaranta, ko kunya babu, ta ce ai in yi murna, bana duk ɗalibansu sun samu gurbi, ko ɗaya bai faɗi ba. Ashe dabarar ke nan! A tura kowane yaro inda ba layi, don su samu abin cika baki. Yanzu sun liƙa hoton yarinyar a wani ƙaton allo a bakin ƙofa, maƙwabta na ta zuwa taya mu murna. Wallahi raina ya ɓaci, ban taɓa raina masu ilimi irin wannan karon ba.

Ita Auta ta ce gara ta zauna gida ta sake nema baɗi. Babanta ya ce ba a mayar da gurbi, dole ta tafi. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi kafin a rufe rajista, ka lallashe shi ya bar ta ta sake nema.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaya, da 'yan biyu. Inna tana sa maka albarka. Auta ma tana gaishe ka, ta ce in roƙe ka, in ka kira, kai kam kada ka yi mata barka.

Ƙanwarka,
Maman Auta