Rabinka Ne Ya Yage

Keta, ranar kasuwa

Zuwa ga ƙanena Gameli,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Libreville. Ubangiji ya ƙara ƙarfin jiki, ya sassauta maka ciwon bayan nan da ba ya tashi sai an ce ka zo gida. Mu nan muna lafiya. Matata Adzovi tana kyafar kifi, in an samu. 'Yata Sename ke rubutawa, na kuma ce ta sa maganata yadda ta fito, kada ta wanke ta.

Saƙonka ya iso, wai in sayar wa masu lambun albasa tarun Baba su yi shinge, a raba kuɗin. Ashe labari ya riga ni zuwa. To, ji daga bakina.

Ka tuna yadda Baba kan dafa igiya ya san abin da ke cikin taru tun bai fito daga ruwa ba? In ya ji nauyi sai ya ɗaga waƙar cika, mata su sheƙo da daro, ni da kai muna can wutsiyar igiya, muna ja da baki fiye da hannu. Da yamma Dada, uwarmu, ta tuƙa tuwon akple, a ci da kifi har kare ya ƙoshi. Ranar nan na ji irin wannan nauyi, wanda rabona da shi tun kana nan. Na ɗaga waƙar da tsohuwar muryata, har mutanen bayan coci suka fito. Da taru ya hau yashi, sai ga tulin abin nan da nake kira majinar teku: kamar koko ya daskare, ba ƙashi ba jini, ga zare-zare masu harbi kamar kunama. A zamaninmu sai ka shekara ka ga ɗaya, mu tsokane ta da kara. Yanzu sun tare a ruwanmu kamar an ba su gado. 'Yan kifin ciki duk sun lalace, nauyin kuma ya tsaga tarun daidai inda Baba ya saƙa da hannunsa.

Yawa mai kifi ta kife daronta, ta ce wai ni, Amuzu, na tara gari shan koko ba ƙosai. Wannan Yawa da na sha cika wa daro kyauta lokacin da mijinta ke kwance. Wani ma'aikacin gwamnati ya ce ruwa ne ya ɗumama, manyan jirage kuma sun kwashe kifayen da ke cinye su. Na ce masa ya je ya gaya wa jiragen.

Tun ranar yatsuna a kumbure suke saboda harbinsu, ba sa riƙe allura, kuma ƙullin Baba daga ni sai kai muka iya. Ka ce rabi naka ne, ban musa ba. Na shimfiɗa shi a gindin kwakwa na duba da kyau, rabinka ne ya yage. Ba na sayar da yagaggen kaya da sunan Baba. Zo ka ɗinke, mu jefa shi sau ɗaya. In ka ji igiya a tafinka, bakinka ya sake iya cewa a sayar, sai a sayar.

Ka gaida matarka Dzifa da yara, da autanku Sedem da ban taɓa gani ba. Adzovi na gaishe ka. Allurarka tana nan soke a rufin ɗaki inda ka bar ta.

Ni ne wanka,
Amuzu